Yadda ake farfaɗo da tsohon gidan silima ba tare da an lalata shi ba

Yawancin tsofaffin gidajen silima da aka rufe ruwa ne ke cinye su. Magudanar rufi ɗaya ta toshe da ganye da kashin tantabaru, ruwa ya taru ya sami hanya, ya bi ƙarfen da ke cikin bango, ya jiƙa silin, cikin damina biyar ko shida ginin da ya yi shekara sittin lafiya lau ya fara zubo da yaɓe. Shi ya sa jerin aikin yake da muhimmanci fiye da yawan kuɗin da aka tara. Masu gyara da yawa suna farawa da fentin fuskar gini da sayen sabon majigi, don su ne ake gani, sai su wayi gari kuɗi ya ƙare rufi yana nan yana yoyo. Jerin da ya dace shi ne a tsayar da ruwa, a san tarihin ginin, a gyara ƙashinsa, a shirya hanyar tsira daga gobara, sannan a zo kan kujeru da allo da sauti. Majigi shi ne kusan na ƙarshe.

Shiga ta farko

Kada kowa ya shiga shi kaɗai, kuma kada a kunna wutar ginin ko da layin yana da rai. Tsohon wayarin robarsa ta bushe, taɓa shi kawai kan sa ta ruguje. A cire fis daga babban akwati, a shiga da tocila, da hular kwano, da takalmi mai kaurin ƙasa, da takunkumi mai tace ƙura sosai. Kashin jemagu da na tantabaru idan ya bushe yana ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu, don haka ba a share shi a bushe. Ana yayyafa masa ruwa, a kwashe da shebur cikin buhunan leda masu kauri, a ɗaure.

Ɗakin majigi ne ya fi kowane ɗaki haɗari. Idan aka tarar da gwangwanayen fim, kada a buɗe su kusa da wuta ko a fitar da su rana. Fim mai faɗin milimita 35 da aka yi kafin wajen 1951 na naitiret ne. Idan ya kama wuta ba ya buƙatar iskar waje, ruwa ba ya kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne, wanda ya fara ruɓewa ma zafin ɗaki kaɗai kan iya tayar da shi. A duba gefen zaren: sau da yawa akwai rubutun NITRATE ko SAFETY. Wanda ya yi danƙo, ko ya koma gari mai ruwan ƙasa, a bar shi inda yake a kira masu kashe gobara ko ma'adanar finafinai ta ƙasa. Wanda ke warin ruwan tsami na asiteti ne, yana lalacewa amma ba ya tashi da kansa; a raba shi da sauran don tsamin yana yaɗuwa. A wasu gidajen za a ga wata babbar kwalbar gilashi mai hannaye cikin akwatin ƙarfe, da ruwan zaiba kwance a gindinta. Ita ke juya wutar layi zuwa irin wadda fitilar majigi ke ci. Kada a fasa ta.

Sai asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu. An yi amfani da shi sosai a gidajen silima saboda ba ya cin wuta: a bangon ɗakin majigi, a naɗin bututu, a labulen wuta, a kwanon rufi, har a tayil ɗin ƙasa. Ido ba ya tantance shi. A kai samfuri ɗakin gwaji kafin a huda ko a kankare komai. Haka tsohon fenti, a ɗauka akwai dalma a cikinsa har sai gwaji ya ce babu.

Tono tarihin ginin

Tarihi a nan kayan aiki ne, shi zai nuna abin da za a riƙe da abin da za a cire. A fara da takardu: taswirar ginin da aka miƙa wa hukumar tsara birni, lasisin nuna fim wanda yawanci yake faɗin adadin kujeru, takardun mallakar fili, tallan buɗewa a tsofaffin jaridu, da hotunan masu ɗaukar hoto na unguwar. A nemi tsofaffin ma'aikata, musamman mai kunna majigi da mai yankan tikiti, a zagaya ginin da su ana naɗar maganarsu. Mai majigi kan san inda aka toshe wata ƙofa da inda ruwa ya saba shigowa, abin da babu a kowace takarda.

Ginin kansa yana ba da shekarunsa ga wanda ya san inda zai duba. 'Yan'uwan Lumière sun yi nuninsu na farko na kuɗi a Paris a Disamba 1895, kuma shekarun farko a rumfuna da ɗakunan wasa ake nuna fim. Gobarar naitiret ce ta tilasta gina gidaje na musamman. A Birtaniya dokar 1909 ta sa aka ware ɗakin majigi da bango mara cin wuta. Idan ka ga rami a gaban dandamali, na makaɗa ne, alamar an gina gidan zamanin fim mara magana. Fim mai sauti ya kankama daga 1927, sai aka riƙa huda bangon baya ko a gina wani ɗan ɗaki a bayan allo don manyan lasifikoki. A 1932 aka tsayar da siffar hoto ta 1.37 zuwa 1, kusan murabba'i, kuma bakin dandamalin gidajen wancan lokaci a kanta aka auna shi. Da CinemaScope ya zo a 1953 da hoto mai faɗi, gidaje da yawa suka sassare gefen bakin dandamali ko suka rufe shi da labule. Daga shekarun 1960 zuwa 1980, da talabijin ya janye 'yan kallo, aka riƙa raba babban zaure gida biyu ko uku, a toshe ƙarƙashin bene, a saukar da silin. Albishir shi ne sau da yawa adon asali yana nan a saman silin na biyun, ba a taɓa shi ba. A buɗe ƙaramar kafa a leƙa da fitila kafin a yanke hukunci.

Ƙirga tagogin da ke bangon ɗakin majigi. Za ka ga aƙalla huɗu, biyu na haske biyu na leƙe, domin faifan fim ɗaya kusan mita 600 ne, minti 20 ke nan, sai a riƙa sauyawa tsakanin injina biyu. Murfin ƙarfen da ke rataye a saman kowace taga an ɗaure shi ne da mahaɗi mai narkewa, wuta na tashi ya faɗo ya rufe. Irin waɗannan abubuwa a bar su a wurinsu ko da ba za su sake aiki ba.

Bayan an gama tattarawa, a zaɓi shekara ɗaya da za a mayar da ginin kamanninta, a rubuta dalili. Ba lallai ta zama shekarar buɗewa ba. Idan gyaran 1950 ne ya bar shaida mafi yawa, gara a tsaya a kansa da a ƙirƙiro adon 1930 daga hoto ɗaya mai dishi-dishi. A ɗauki hoton kowane bango da ma'auni a jikinsa, a sa wa kowace ƙofa da fitila da guntun ado lamba kafin a cire. Sannan a bincika ko ginin yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, don idan yana ciki, ko taga ba a canzawa sai da izini.

Ruwa, ƙarfe da bene

A makon farko a share magudanai, a maye bututun saukar ruwa da suka fashe ko da na roba ne na wucin gadi, a rufe ɓarakar rufi da tamfol da aka danne da katako. Kada a like ginin ruf. Jiƙaƙƙen gini yana son iska ta ratsa shi, don haka a sa raga a tagogi, tsuntsu ba zai shiga ba iska kuwa za ta wuce. Bango mai kauri a hankali yake bushewa, magina kan ƙiyasta wata guda ga kowane santimita biyu da rabi na kauri. Wanda ya yi gaggawar yaɓe da fenti a kan danshi zai ga gishiri ya fito fari, fentin ya kumbura ya ɓare cikin shekara. Katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 yana gayyatar ruɓa da gara. A auna da na'ura, a soka tsinken ƙarfe a ƙarshen kowane katako inda ya shiga bango, nan ne yake fara mutuwa.

Gidajen da aka gina tsakanin 1910 da 1940 galibi ƙashinsu ƙarfe ne da aka lulluɓe da bulo. Ruwa na isa gare shi sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta ninka ƙarfen da ta ci kauri sau da yawa, sai ta tura bulon waje. Alamarta tsagewa miƙaƙƙiya da ke bin layin ginshiƙi ko bim, musamman a kusurwoyi da saman fuskar gini. Toshe tsagar da siminti ɓata lokaci ne. Sai an buɗe, an kankare ƙarfen har ya yi haske, injiniya ya auna kaurin da ya rage, an shafe shi da maganin tsatsa, sannan a mayar da bulo a bar ɗan sarari. A kan duk tsagar da ba a san dalilinta ba a manna ma'aunin tsaga, a riƙa karantawa duk wata har rani da damina su zagayo, a ga ko tana motsi.

Idan ginin na kankare ne, a fasa ɗan wuri a fesa ruwan gwajin finolftalin. Inda ya koma ja-ja kankaren yana kare rodi. Inda bai canza launi ba iska ta riga ta cinye ƙarfin kariyarsa, idan kuma hakan ya kai zurfin rodi, tsatsa ta kusa ko ta fara. Wajen gyaran bulo a yi amfani da irin kwaɓin asali. Tsohon bango da aka ɗaura da farar ƙasa, kashi ɗaya nata da kashi uku na yashi, idan aka cike shi da siminti mai ƙarfi danshi ba zai fita ta layin kwaɓi ba, sai ya fita ta fuskar bulon ya farfasa ta.

Bene shi ne wurin da ba a yi wa ganin ido. Yawanci yana zaune ne a kan babban bim guda da ya ratsa zauren daga bango zuwa bango, da wasu hannaye da suka miƙo gaba ba ginshiƙi a ƙasansu. A buɗe inda kan bim ɗin ya zauna a bango ta ɓangarorin biyu a duba. Kafin a bar mutum ɗaya ya hau kallo, injiniya ya yi lissafin nauyi, in da hali a gwada da tankunan ruwa ana auna lanƙwasawa.

Silin mai ado

Wannan shi ne abin da mutane ke ɗaga kai su yi mamaki, shi ne kuma ya fi saurin kisa. Adon silin na irin waɗannan gidaje ba a wurin aka yaɓa shi ba. Faranti-faranti aka zuba shi a mazubi, da farin filasta da aka ƙarfafa da yadin algarara da siraran katako, aka ɗaga aka rataye a jikin ƙarfen rufi da igiyoyin algarara da aka tsoma a filasta. Igiyoyin nan ne ke riƙe da komai. Da shekaru da danshi zaren cikinsu yana ruɓewa, filastan waje kuwa yana nan kamar lafiya. Daga ƙasa ba za ka ga komai ba. A Disamba 2013 wani sashe na silin gidan wasan Apollo da ke Landan ya rufto ana tsakiyar wasa, mutane da dama suka ji rauni, bincike kuma ya nuna irin waɗannan igiyoyi ne suka gaji.

Dubawa daga sama ake yi. A shimfiɗa hanyar katako a kan ƙarfen rufi, kada ƙafa ta taɓa bayan filastan ko sau ɗaya. A zuƙe ƙura da tarkace da injin shara, domin nauyinsu kaɗai kaya ne, kuma suna ɓoye tsaga. A bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowace alama a taswira. Gyaran da aka saba shi ne a ƙara sabon rataye na waya mara tsatsa kusa da kowane tsoho, a zagaya ta a jikin ƙarfe, a kama ta da sabon filasta da yadi a bayan farantin, ba tare da an cire tsohon ba. Kafin a fara, a tokare silin daga ƙasa da dandamali mai laushin kai, ko a ɗaura raga.

Inda wani yanki ya faɗi, a nemi ɗan'uwansa da ya tsira, tunda adon maimaituwa yake yi. A wanke shi, a shafa masa abin hana mannewa, a zuba robar silikon a ɗauki siffarsa, a yi mata bayan filasta don kada ta lanƙwashe, sai a zubo sababbi. Haka aka yi a gidan Kings da ke Brooklyn a Amurka, wanda aka buɗe a 1929, aka rufe a 1977, ruwa ya yi wa adonsa mummunar ɓarna, aka sake buɗe shi a 2015.

Launi kuma ba a zaɓensa da son rai. A yanki ɗan guntun fenti har zuwa filasta daga wuraren da rana ba ta bugu ba, kamar bayan fitilar bango, a duba jerin shafe-shafen da madubin ƙara girma. Layin datti tsakanin shafi biyu yana nuna wancan ya daɗe a waje. A tuna hayaƙin taba na shekaru ya rina komai, abin da ake zaton ruwan ƙasa ne wataƙila ruwan madara ne. Kuma an zaɓi launukan ne don fitilu marasa ƙarfi masu ja-ja; a gwada su da irin wannan haske, in ba haka ba za su fito da tsawa.

Hanyar fita

Nan ba a yi wa tarihi kara. A ranar 31 ga Disamba 1929 hayaƙi ya tashi daga gwangwanin fim a gidan silima na Glen da ke Paisley a Sikotilan, yara suka ruga ƙofa suka tarar ba ta buɗuwa, 71 suka rasu, turmutsutsu ne ya kashe su. A 1997 a gidan Uphaar da ke Delhi taransifoma ta kama wuta a ƙasan ginin, hayaƙi ya hau bene inda ƙarin kujeru suka toshe wata ƙofa, mutum 59 suka mutu. Saboda haka kowane sashe, har da bene, ya sami aƙalla mafita biyu da ke nesa da juna. Ƙofofi su buɗe waje, da sandar da ake turawa da jiki, ba kwaɗo ba sarƙa muddin akwai mutum a ciki. Faɗin ƙofa da nisan tafiya zuwa gare ta dokar kowace ƙasa ta ƙayyade su bisa yawan mutane, a zauna da hukumar kashe gobara tun ana zane. Fitilun gaggawa masu batir su haska hanya aƙalla awa ɗaya, wasu ƙasashen uku suke nema. Taransifoma da janareto su koma wajen ginin ko ɗaki mai bangon da ke jure wuta. Soso da yadin kujeru da labule duka su zama masu jinkirin kamawa, a karɓi takardar gwajinsu a hannu. Wayarin kuwa sabo gaba ɗaya, a bi da shi ta tsofaffin bututu da ramukan iska don kada a sassare ado.

Kujeru da layin gani

A nan lissafin kuɗin shiga yake canzawa, gara a san haka da wuri. Tsofaffin kujeru faɗinsu wajen santimita 46 ne, tazarar layi 80. Na yau suna kai 56, tazara kuma mita 1.1. Ɗauki wurin zama mai zurfin mita 18 da faɗin 16 bayan an cire hanyoyi. A da yana ɗaukar layi 22 na kujera 34, wato 748. Yanzu layi 16 na kujera 28, wato 448. Kashi 40 cikin 100 sun tafi tun ba a ware wurin keken guragu ba, wanda kowanne ke son kusan santimita 90 a 140, a kan daɓe miƙaƙƙe, da gangaren shiga da bai fi 1 cikin 12 ba. Kada a tura su layin gaba duka.

Tsofaffin kujeru masu ƙafar ƙarfen zubi sun cancanci gyara: a kwance, a wanke ƙarfen da feshin yashi, a sake fenti, a canza soso da yadi, a jera su da sabuwar tazara. Ko da za a sayi sababbi, a riƙe ƙarfen ƙarshen layi mai ado a ɗaura musu.

Layin gani a takarda ake warware shi. A zana zauren a yanke daga gefe. Idon mai zaune yana wajen mita 1.15 daga ƙasa. Daga idon kowane layi a ja zare zuwa gindin allo. Dole ya wuce saman idon na gabansa da aƙalla santimita 12, wato tsayin goshi da kai. Inda bai wuce ba, a ɗaga layin ko a ɗaga allon. Gindin allo ne ma'auni saboda can fassarar rubutu take fitowa. Na layin gaba kada ya ɗaga ido fiye da digiri 35 kafin ya ga saman hoto. A duba na can baya a ƙarƙashin bene ma, leɓen benen kan yanke musu saman sabon allo idan ya fi na da tsayi. Idan gangaren asali bai isa ba, a gina matakala da ƙarfe mara nauyi da katako a kan tsohon daɓe, yadda na gaba za su iya cirewa. A cika ƙarƙashinta da abin shan sauti, in ba haka ba za ta riƙa amsawa kamar ganga.

Allo da majigi

Bakin dandamali mai faɗin mita 9 yana ba da hoto mai tsohuwar siffa ta 1.37 mai tsayin mita 6.6. Ka sa fim mai faɗi na yau, 2.39 zuwa 1, a cikinsa, tsayin zai koma 3.8 kacal. Mafita biyu ce: a haƙura da ƙaramin hoto, ko a kafa allo a gaban bakin dandamalin a kan firam mai zaman kansa, wanda ake naɗewa ko turawa idan za a yi wasan dandamali. Sassare bakin ba ya cikin zaɓi.

A ce an sami allo mai mita 14 a 5.9, majigi kuma yana nesa da mita 24. Raba nisa da faɗi: 1.7 ga hoto mai faɗi. Ga siffar 1.85 a tsayi ɗaya faɗin zai zama 10.9, rabon ya koma 2.2. Gilashin majigin da za a saya dole zuƙowarsa ta rufe duka biyun. Hasken da ake nema a tsakiyar allo kandela 48 ne (ma'aunin ƙarfin haske) a kowace murabba'in mita. Allon nan murabba'i 83 ne, a lissafi yana son lumen (ma'aunin hasken da majigi ke fitarwa) kusan 12,500, amma hoto mai faɗi ba ya amfani da dukan fuskar na'urar, gilashin taga yana ci, daidaita launi yana ci, fitila tana raguwa da tsufa. A nemi mai 20,000 ko sama. Fitilar zenon tana da araha wajen saye, sai dai ana canza ta bayan awa ɗaruruwa zuwa dubu biyu ko uku, tana son bututun fitar da zafi, kuma tana iya fashewa a hannu, sai da garkuwar fuska ake taɓa ta. Ta leza tana kai awa dubu ashirin.

Matsalar da aka fi cin karo da ita tsayin tsohon ɗakin majigi ne. Yana can ƙololuwar bene, haske yana sukuwa ƙasa, hoto ya fito ƙasansa ya fi samansa faɗi. Idan karkatar ta wuce digiri biyar ko shida ido zai gani. Ana rage ta da gusar da gilashin majigi, ko a ɗan kwantar da saman allo baya, ko a gina ƙaramin ɗaki mai sanyaya a ƙarƙashin bene. Tagar haske a sa mata gilashi na musamman mara mayar da haske, a ɗan karkace shi.

Manyan kamfanonin fim sun fitar da ƙa'idar DCI ta nuna fim na dijital a 2005, kuma sababbin finafinansu sai majigin da ya cika ta, mai kaifin hoto 2K ko 4K. Fim yana zuwa a matsayin DCP, wato kunshin fayilolin dijital a kulle, da makullin buɗe shi, KDM, da aka yanka wa lambar na'urarka na wasu kwanaki. Majigin ofis ko na gida ba zai buɗe shi ba, komai haskensa. A sa wa na'urar batirin riƙon wuta da mai daidaita ta. Idan tsofaffin injinan fim mai milimita 35 suna da rai, a bar aƙalla biyu a kan ƙafafunsu. Ma'adanun finafinai ba su cika ba da aron kwafi ga mai inji ɗaya ba, don ba sa yarda a yanka a haɗa faifai.

Sauti da iska

Zauren da aka gina don makaɗa yana riƙe amo daƙiƙa ɗaya da rabi ko biyu. Magana a fim tana son ƙasa da ɗaya, wajen 0.6 zuwa 0.8 a zaure matsakaici. Lissafin Sabine, na auna amon ɗaki, yana ba da hanya: ninka girman ɗaki da 0.161, raba da daƙiƙar da ake so. Zaure mai mita 25 a 18 a 9 girmansa 4,050 ne. Don samun 0.7 ana buƙatar kusan murabba'in mita 930 na cikakken shan sauti. Kujeru masu soso da kafet za su ɗauki kaso mai kyau. Sauran a sa audugar dutse mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a bayan yadi mai barin iska, a fara da bangon baya da fuskar bene, su ne ke mayar da amsa-kuwa, sai filayen bango da ba su da ado. Kada a fesa komai a kan silin.

Lasifikoki uku suna bayan allo, hagu da tsakiya da dama, cikin bango mai shan sauti, allon kuma mai ƙananan huji ne don sauti ya wuce. Ana daidaita ƙarfin sautin kowanne a desibel 85 daga wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zauren. Kafin a ɗaure lasifikan ƙasa masu gurnani, a gwada su da ƙarfi mutum yana saman silin yana duba ko filasta na rawa.

Kowane ɗan kallo yana son lita 8 zuwa 10 na sabuwar iska a daƙiƙa, yana kuma fitar da zafi kusan wat 100. Mutum 450 ke nan aƙalla lita 3,600 a daƙiƙa da kilowat 45, ban da zafin rufi. Tsofaffin gidaje da yawa suna da ramukan iska a ƙarƙashin kujeru da mafita a cikin adon silin. A share su a yi amfani da su. Bututu ya zama mai faɗi, iska ta tafi a hankali, injin ya zauna nesa a kan roba, don a wurin da fim ya yi shiru kada a ji hucinsa. Kada a kunna sanyi da ƙarfi rana ɗaya a ginin da ya shekara ashirin a jiƙe, katako da filasta za su tsattsage. A sauko da danshin cikin makonni. Gidajen ƙasashe masu zafi da aka gina ba rufi, ko da rabin rufi, idan za a rufe su sai an sake lissafin bangon, domin ba a gina shi don ɗaukar nauyi da turin iska na rufi ba.

Fuskar gini da allon suna su ne ƙarshe. Rumfar ƙofar shiga tana rataye ne da sandunan ƙarfe da suka shige bango, a duba su kamar yadda aka duba bene. Tsofaffin fitilun niyon suna aiki da dubban bolt, a canza taransifomominsu da wayoyinsu ko da bututun gilashin suna kamawa. Kafin ranar buɗewa a cika zauren da 'yan gayya, a nuna fim cikakke, a tsakiya a yanke wuta da gangan bayan an sanar da su, a auna minti nawa suka ɗauka kafin su fita da kuma ƙofar da suka yi wa cunkoso. A buɗe littafin kula da gini: sharar magudanai kafin damina da bayanta, gwajin fitilun gaggawa duk wata, hawa saman silin duk shekara da bayan kowane yoyo, da sunan wanda ya duba da kwanan wata.